Saƙon da Ake Ɓoyewa Cikin Bidiyon da Aka Kulle

Mutanen Tunuga, a gundumar Gaya ta jihar Doso, suna zaune kusa da iyakoki biyu: ga Kamba ta Najeriya, ga Malanbil ta Benin a ƙetaren kogin Kwara. Dangi a warwatse suke, shi ya sa bidiyo ke ta yawo a waya. Sai dai akwai wanda bai kamata kowa ya gani ba, kamar hoton cikin mai juna biyu da za a tura wa likita a Yamai.

Maganin wannan shi ne a kulle bidiyon da mabuɗin sirri. To amma mai rumbun intanet da zai ajiye shi yana bukatar ya sa masa lamba da kwanan wata, kamar yadda ɗan kamasho ke rubuta suna a buhu ba tare da ya kwance bakinsa ba. Masana sun nemo hanyar cusa wannan bayani cikin bidiyon yana kulle, yadda in likita ya cire shi, hoton zai koma yadda yake, ko ɗigo bai canza ba.

Dabarar lissafi ce. Ɗigogin hoto da ke maƙwabtaka kusan launinsu ɗaya. A 2003 Jun Tian ya nuna cewa in bambancin ɗigo biyu 3 ne, sai a ninka shi ya zama 6, a ƙara 1 na saƙo ya zama 7. Mai karɓa ya cire 1 ɗin, ya raba biyu, 3 ta dawo. Matsalar ita ce kullewa na rusa wannan kamanni. Xinpeng Zhang ya gwada abin a kullallen hoto a 2011, sannan a 2013 wasu masana na Sin suka kawo shawarar tanadar wa saƙo gurbi tun kafin a kulle. Bidiyo ya fi wuya, domin tsarin H.264 ya riga ya matse shi, gurbin ya yi kaɗan.

Har yanzu yawancin aikin yana hannun masu bincike, kuma yana da rauni: da an sake matse bidiyon, saƙon ya lalace. WhatsApp kuwa kan matse bidiyon da aka tura kai tsaye. Don haka duk bidiyon da za a kai gaban likita ko alƙali, gara a tura shi a matsayin fayil, a kuma adana na asalin.