Dogon Labari: A Ƙarasa Ko A Bari?

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, akwai wani irin ƙagaggen labari wanda yara da manya su ke so ƙwarai. Labari ne na almara, na sarakuna da mayaƙa da masu sihiri da dodanni, a cikin wata duniya wadda marubucin ya ƙago da kansa, har da taswirarta da tarihinta. Abin da ya fi kusa da shi cikin littattafan Hausa shi ne Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, sai dai waɗannan mutum ya kan karance ɗaya tsakanin azahar da magariba. Na Turawan kuwa ba su cika ƙarewa a littafi guda ba. Sai ka ga labari ɗaya ya cinye littafi bakwai, ko goma, ko fiye, kowanne kauri kamar tubali. Daga nan wata matsala ta kan taso: mutum ya kai tsakiya ya gaji, ga shi bai san ƙarshe ba. Ya ƙarasa ne, ko ya aje?

Bari mu ɗauki misali guda wanda masu karatu suka daɗe suna gardama a kansa. Sunansa The Wheel of Time, manufar sunan kuwa ita ce zamani juyawa ya ke yi kamar ƙafar keke, abin da ya wuce ya kan komo. Wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, mutumin birnin Charleston, ana kiransa Robert Jordan, ko da ya ke sunan aro ne, ainihin sunansa James Oliver Rigney. Littafi na farko ya fito cikin 1990, na ƙarshe, watau na 14, bai fito ba sai 2013. Kalmomin da ke cikinsu sun haura miliyan 4. An karanta su duka an ɗauki murya don masu sauraro, ya ci fiye da awa 400. Watau wanda ya ke sauraron awa ɗaya kullum sai ya shekara bai gama ba.

Farkon labarin ba shi da wuya. Wata mace mai sihiri, Moiraine, ta zo wani ƙauye na bayan duniya ta tafi da samari uku: Rand, makiyayin tumaki, da Perrin, yaron maƙeri, da Mat, sarkin tsokana. 'Yammata biyu na ƙauyen, Egwene da Nynaeve, su ma suka bi. Ashe Rand shi ne wanda aka daɗe ana jira ya zo ya kara da Mugun nan a yaƙin ƙarshe. Amma ƙarfin da zai yi yaƙin da shi an ɓata shi tun zamanin da, duk namijin da ya yi aiki da shi ƙarshensa hauka. Littattafai shida na farko sun fito a jere tsakanin 1990 da 1994, labari yana gudu, mai karatu ba ya so ya rufe ido.

Daga wajen na 7 ko na 8 ne tafiya ta soma nauyi. Dalili kuwa a fili ya ke. Waɗannan yara biyar da suka fito tare sun warwatsu, kowa ya kama ƙasarsa, kowa ya tara nasa mutane da nasa abokan gaba, har masu suna a cikin labarin suka wuce 2,000. Marubucin kuwa ba ya so ya bar kowa a baya. Ayari in ya yi tsawo haka, tilas madugu ya riƙa tsayawa yana jiran na ƙarshe. Cikin littafi na 8 Mat, wanda da yawa suka fi so, bai fito ba ko sau ɗaya. A ƙarshen wannan littafi aka kama Faile, matar Perrin, cikin 1998 ke nan, ba a kuɓutar da ita ba sai a littafi na 11, cikin 2005. Shekara bakwai masu karatu suna biye da Perrin yana neman matarsa! Na 10, wanda ya fito 2003, shi ya fi shan zargi. An yi wani babban al'amari a ƙarshen na 9, kowa yana ɗokin ya ji abin da zai biyo baya, sai marubucin ya koma baya, ya ɓata wajen rabin littafin yana nuna abin da sauran mutane su ke yi kafin wannan rana da kuma a ranar.

To, a nan ne mutum ya kan tsaya. In ka tambaye shi me ya sa bai bari ba, sai ya ce, "Haba, na karanta tara, yaya zan bar biyar?" Wannan hujja tana da daɗin ji, amma a dube ta da kyau. Cikin 1962 gwamnatocin Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya za su ƙera jirgin sama mai gudu fiye da sauti, Concorde. Kuɗi ya yi ta ƙaruwa, masu saye suka yi ta janyewa, amma aka ci gaba, domin an ce an riga an kashe da yawa. Jirgi 20 kaɗai aka ƙera, aka daina aiki da su cikin 2003. Har masana suka laƙaba wa irin wannan kuskure sunan jirgin. Lokacin da mutum ya ɓata wajen littafi tara ya tafi, ko ya ci gaba ko ya bari ba zai dawo ba. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin da biyar ɗin za su ci.

Duk da haka ni ban yarda a ce karatun baya ba ya cikin lissafi sam ba. Ba daidai ya ke da kuɗin da ya faɗa rijiya ba. Wanda ya san Egwene tun tana 'yar mai masauki a ƙauye, in ya gan ta tana shugabancin masu sihiri duka, zai ji abin da baƙo ba zai ji ba. Karatun baya jari ne, shi ke ƙara wa na gaba daraja. Sai dai jarin yana amfani ne in har yanzu mutum ya damu da mutanen labarin. Saboda haka tambayar da ta kamata ya yi wa kansa ita ce: akwai wani a cikinsu wanda ni ke so in san makomarsa? In sunan wani ya faɗo masa nan take, to, gajiyar hanya ce kawai. In kuwa sai ya yi tunani, ko ya tarar abin da ya ke so bai wuce a ce shi ma ya gama ba, to, labarin ya riga ya mutu a zuciyarsa. Ya aje ba laifi, ba wanda zai kai shi gaban alƙali.

A kuma duba inda gajiyar ta soma. Wanda ya ji daɗin shida na farko, ya soma hamma a na 8, yana da dalilin haƙuri, don galibin waɗanda suka wuce gaba sun shaida labarin ya farfaɗo a na 11. Amma wanda tun a na 2 ko na 3 ya ke jan ƙafa, yana jiran daɗi ya zo, kada ya yaudari kansa. Ya riga ya ɗanɗana irin girkin marubucin, bai yi masa ba. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gwamma ƙin tashi.

Wani abu kuma, kukan da aka yi da littattafan tsakiya, mafi yawansa na mutanen da suka jira shekara biyu ko uku ne kafin kowane littafi ya fito. Mai karatun yau ba ya jira. Ya rufe wannan ya buɗe wancan, abin da ya ɗauki na farko shekara bakwai shi sai ya ratsa shi cikin 'yan watanni. Waɗansu ma su kan nemi taƙaitaccen bayanin na 10 su karanta, su tsallake zuwa na 11. Masu kishin marubucin ba su so a faɗi haka, amma ni ban ga aibinsa ba.

Hutu fa? Mutum ya iya aje littafi ya huta, sai dai kada hutun ya yi tsawo. Ku da ku ke koyon Hausa kun san Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Shi ma littafi uku ne, amma labaran ciki kowanne da kansa ya ke tsaye, in ka aje shi shekara ka dawo ba ka yi hasarar kome ba. Na Jordan zare ɗaya ne. Wanda ya bar shi shekara biyu zai komo ya tarar ya manta wace ce wace cikin tarin matan nan masu sihiri, waɗanda sunayensu ma su kan yi kama da juna. Kada kuma ya ce zai ga ƙarshe a talabijin. Kamfanin Amazon ya fara nuna labarin cikin 2021, ya dakatar cikin 2025 bayan zango uku, bai kai ko rabi ba.

Saura tambaya ɗaya wadda ba ta hannun mai karatu: labarin yana da ƙarshe kuwa? Ba kowanne ke da shi ba. George R. R. Martin ya fara nasa cikin 1996, ya ce bakwai zai yi. Na 5 ya fito cikin 2011, har shekarar 2025 ta shigo na 6 bai fito ba. Wanda ya ke shawarar ci gaba da wannan, ya san hanyar da zai bi ba a gama share ta ba. Na Jordan ma saura kaɗan ya tsaya haka. Ciwon zuciya ya kama shi, ya mutu cikin Satumba 2007, littafi 11 kaɗai ya gama. Amma da ya ga alamar ba zai tashi ba, sai ya riƙa rubuta abin da ya rage, wani kuma yana faɗa ana ɗauka. Matarsa Harriet McDougal, wadda da ma ita ke gyara masa littattafai, ta zaɓi wani saurayin marubuci, Brandon Sanderson, ya ƙarasa. Jordan ya yi niyyar littafi ɗaya ne ya rage, Sanderson ya ga ba zai ɗauka ba, aka raba shi uku, suka fito 2009 da 2010 da 2013. Hannun ya bambanta, na Sanderson ya fi sauri, waɗansu kuma sun ce bai kama halin Mat sosai ba da farko. Yaƙin ƙarshen nan da aka yi ta ambato tun 1990 yana nan cikin na 14, babi guda ya kusa shafi 200. Shafuffukan rufewa kuwa, galibinsu Jordan ne ya rubuta da kansa tun kafin ya mutu.