Ɗinka Rigarka Daidai Da Yadinka: Karin Maganar Turawan Ingila Kan Aure Da Zaman Gida

Da yawanmu in an ce Bature, abin da ke faɗo mana a rai shi ne mutumin da bai san zafin kuɗi ba, sai shan iska da soyayya irin ta fim. To amma duk wanda ya kasa kunne ga karin maganar kakanninsu na Ingila, wallahi zai ji bakin mutanen da suka san ciwon kwabo.

A shekarar 1546 wani mai suna John Heywood, makaɗi kuma marubucin wasan kwaikwayo a fadar Sarki Henry na 8, ya tattara karin maganar mutanensa cikin littafi guda. Abin da ya burge ni shi ne bai jera su haka nan kawai ba, a cikin labarin aure ya zuba su. Wani saurayi ne ya zo neman shawara, yana tsaka mai wuya: ga budurwa kyakkyawa amma ba ta da ko sisi, ga kuma wata dattijuwa mai dukiya da mijinta ya mutu. Wacce zai aura? Sai mai ba da shawarar ya ba shi labarin gidaje biyu. Na farko sun yi auren so zalla babu abin hannu, talauci ya shigo, suka bi dangi neman taimako aka juya musu baya. Na biyu ya auri tsohuwa don kuɗinta, ya cinye dukiyar tas, aka koma faɗa da gori. Kun ji fa, kusan shekara 480 ke nan, amma sai ka rantse a unguwarku aka yi.

A cikin wannan littafi ne ake samun maganar nan da ke cewa mutum ya yanka kwat ɗinsa daidai da yadin da yake da shi. Ba da wasa suka faɗe ta ba. A wancan zamani tufafi dukiya ne, har a cikin wasiyya mutum kan ambaci wanda zai gaji rigarsa ta ulu. Kai, a 1533 har doka aka yi a Ingila wadda ta ƙayyade irin yadin da kowa zai sa gwargwadon matsayinsa da abin da yake samu, don hana mutane tsiyata kansu wajen ado.

Ga inda nake so mu tsaya. Mu nan Nijeriya, 'yan boko da masu wa'azin tattali sun ɗan murɗa maganar, sai ka ji ana cewa a yanka kwat daidai da girman jiki. Ni kam ina ganin an ɓata ta. Ai girman jiki shi ne yadda mutum ke ganin kansa, yadi kuwa shi ne abin da ke aljihu. Saurayi ɗan albashi ya dubi kansa ya ce shi ɗan gidan wane ne, saboda haka lefensa ba zai gaza na abokinsa ɗan kasuwa ba. Akwati shida, leshi, shadda, atamfa turmi-turmi, rabi duk bashi. Can gidan amarya kuma uwa ta kwashe adashi, ta sayar da 'yar gonar gado, don kada 'yan ganin ɗaki su yi da ita. An sha biki, an watse. Wata biyu ba a yi ba masu bin bashi sun fara sallama a ƙofar gida, ango ya fara ɗaure fuska, amarya tana kuka tana cewa ya canja. Bai canja ba 'yar uwa, yadin ne bai kai ba. Turawan ma sun ce in talauci ya shigo ta ƙofa, so ta taga yake ficewa. Mu kuma muka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Suna da wata kan gaggawa, wai wanda ya yi aure a gurguje zai samu isasshen lokacin yin nadama. Wannan ba ta bukatar sharhi.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce yadda suke da magana biyu masu karo da juna. Ɗaya ta ce rashin ganin masoyi yana ƙara so, ɗaya kuma ta ce wanda ido bai gani ba zuciya mantawa take da shi. Wacce ce gaskiya? Duka biyun. Saurayin da ke zuwa zance safe da yamma, har ƙannen yarinya su daina kawo masa tabarma, ya jawo wa kansa abin da Hausawa ke cewa ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Wanda kuma ya tafi Legas neman kuɗi shekara biyu ko wasiƙa babu, kada ya yi mamaki in ya dawo ya tarar an sha biki.

Kada kuma magidanta su karanta wannan su ce na ba su lasisin maƙo. Mutanen da suka ce a auna yadi, su ne dai suka yi wa mai ƙwauro ba'a, suka ce yana da wayo a kan kwabo amma wawa ne a kan fam. Shi ne maigidan da zai hana kuɗin maganin zazzaɓi, sai ciwo ya ci ƙarfin yaro a kwana biyar a gadon asibiti. Haka nan a 1659 wani James Howell ya rubuta wata da har yau 'yan makaranta ke haddacewa, cewa aiki kullum babu wasa yana mai da yaro dolo. Yara ake faɗa wa, amma ni na fi ganinta a kan manya. Alhaji ya fita tun asuba, bai dawo ba sai bayan isha'i. Uwargida ta yi wanka ta ci kwalliya tun la'asar, ta turara ɗaki, tuwo ya huce an ɗumama har sau biyu. Shi kuwa ya shigo da littafin ciniki a hammata, ko kallon lallen hannunta bai yi ba, yana cin abinci yana gyangyaɗi.