Ko Kun Sani? Sikanin da Ke Nuna Jariri Yana Nuna Tabon Zuciya

Irin sikanin nan da mai juna biyu ke zuwa yi a asibitin Gumel, ko ta taso daga Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, da irinsa ake gano tabo a tsokar zuciya. Ba a tsaga fata, ba a ɗibar jini. Sauti ne da kunne ba ya ji ake aikawa ta tsakanin haƙarƙari, amsa-kuwwarsa ta dawo ta zama hoto mai motsi.

Tsokar zuciya idan ta mutu ba ta sake tohowa, sai tabo ya cike gurbinta, shi kuwa tabo ba ya bugawa. A allo sai a ga wurin ya sirance, ya tsaya cik, alhali sauran bangon na matsewa yana saki.

Ban da tabo, sikanin yana nuna raunin zuciya, shi ya sa mu a nan Arewa, masu jego na cikin masu bukatar wannan hoto. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna kusan mace 1 cikin 100 zuciyarta na raunana bayan haihuwa, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Kumburin ƙafa da haki, waɗanda ake ɗauka gajiyar jego ce, wani lokaci daga raunin zuciya suke.

Abin mamaki, hoton zuciya na farko da aka ɗauka da sauti, a ƙasar Suwidin a 1953, da na'urar aro aka yi shi, wadda aka ƙera don gano tsaga a jikin ƙarfe.