Hatimin Lokaci a Fayilolin Kwamfuta: Nazari a Kan Tsarin Linux

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda tsarin Linux yake sabunta lokutan da yake ajiye wa kowane fayil, da matsalar da ke tattare da hakan. An aro kalmar "hatimi" ne daga aikin ofis, inda akawu kan buga kwanan wata a kan takarda.

Linux ya gaji hatimi uku daga Unix. Akwai atime, wato lokacin da aka karanta fayil na ƙarshe. Da mtime, lokacin da aka sauya abin da ke cikinsa. Sai ctime, lokacin da aka taɓa bayanan da suka shafe shi, kamar mai shi ko iznin buɗe shi. Da yawa kan ɗauka ctime ranar ƙirƙirar fayil ce, alhali kuwa ba haka ba ne.

Na farkon shi ne mai rigima. In har za a rubuta lokacin kowane karatu, ke nan duk karatu ya jawo rubutu a kan faifai, ko da fayil ɗin yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta tuntuni. Wannan ɓarna ce, domin yana rage sauri, yana kuma cinye batir. Wasu sukan kashe shi gaba ɗaya da zaɓin noatime, to amma akwai manhajojin da suka dogara da shi. Alal misali, Mutt kan kwatanta atime da mtime domin gane ko sabuwar wasiƙa ta shigo akwati.

Saboda haka aka yi sulhu. A shekarar 2007 aka shigo da relatime, ya kuma zama abin da tsarin yake bi da kansa a 2009. A ƙarƙashinsa ba a sabunta atime sai in bai wuce mtime ko ctime ba, ko kuma ya kai kwana guda ba a taɓa shi ba. A ganinmu wannan dabara ce mai kyau, ko da yake ta rage wa hatimin amincinsa: mai bincike ba zai rantse da shi ba.

Har ila yau, a 2015 aka ƙara lazytime. Shi wannan yana sabunta dukkan hatiman uku daidai, amma a cikin ƙwaƙwalwa, sai wani dalili ya sa a rubuta bayanan fayil ɗin, ko awa 24 ta cika, sannan a sauke su a faifai. In wuta ta ɗauke kafin nan, sabon lokacin ya salwanta.