Kafin ka sauke sabuwar manhajar kiwo da ake tallata maka



Watannin baya wani matashi ya kira ni, ya ce shi da abokansa sun haɗa manhajar waya ta lissafin gona. Tana riƙe adadin kaji ko kifi, buhunan abinci, mace-mace da ranakun rigakafi, daga ƙarshe ta fitar maka da riba ko faɗuwa. Yana so in tallata ta, duk wanda ya yi rajista da lambata zan samu kamasho. Na ce masa, "Ƙanena, ka ba ni zagaye ɗaya na kiwo in gwada tukuna." Abin da na gani a gwajin nan ne ya sa na ga ya kamata in yi mana bayanin yadda ake tallar irin waɗannan manhajoji, domin a yanzu sabon mai kiwo shi aka fi nema da su.

Yadda tallar take tafiya

Na farko, kyauta ta ɗan lokaci. Za a ce ka sauke ka yi amfani wata ɗaya ba ko sisi. Wannan ba laifi ba ne, mai manhaja ma yana biyan ma'aikata da kuɗin ajiyar bayanai. Amma ka lura, broila tana ɗaukar sati 6 zuwa 8, tarwada kuma wata 4 zuwa 6. Ke nan kyautar za ta ƙare kana tsakiyar kiwo, lissafinka duk yana ciki. A lokacin ba ka da zaɓi sosai, ko ka biya ko ka rasa abin da ka shigar.

Na biyu, lambar gayyata. Wanda ya turo maka yana samun wani abu idan ka shiga. Shi ma ba haramun ba ne, dillanci ne kamar na kasuwar ƙwai. Matsalar ita ce idan ya ɓoye maka. Ka tambaye shi kai tsaye: "Ana biyanka ne? Kai kana amfani da ita a gonarka?" Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Na uku, shaidar mutane. Taurari biyar a Play Store da hotunan kaji masu ƙiba ba su isa hujja ba, domin ana sayen yabo. Ni na fi karanta ƙorafin waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, in duba ko masu manhajar sun amsa musu, da ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe.

Na huɗu, gaggawa: "saura kwana biyu rangwame ya ƙare". Duk abin da ba zai jira ka yi shawara ba, ka bar shi ya wuce.

Ba duka ne iri ɗaya ba

Manhajar lissafi, idan ta lalace, lokacinka da bayananka ka rasa. Akwai iri biyu kuma da suka fi haka haɗari, kuma su ma da sunan noma ake tallar su.

Akwai ta bashi. Mun san yadda wasu suka riƙa kwashe lambobin wayar mutum suna tura wa 'yan uwansa saƙon cin mutunci idan ya yi jinkirin biya. Abin ya yi yawa har Google ta hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan waya a shekarar 2023, kuma a Najeriya hukumar FCCPC tana da jerin waɗanda ta amince da su. A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Don haka in manhajar lissafin kaji ta nemi izinin ganin lambobinka, saƙonninka ko ta ce ka sa BVN, ka tsaya. Me ya haɗa lissafin buhun abinci da BVN?

Akwai kuma ta "zuba kuɗi mu yi maka kiwo, riba tabbas". Wanda ya taɓa ganin Gumboro ta shiga ɗakin kaji, ko ya wayi gari ruwan tanki ya lalace kifi na yawo a sama, ya san babu riba tabbas a harkar nan. Ba mu manta da MMM a 2016 ba, ga CBEX a 2025. Duk mai karɓar jarin jama'a sai da rajistar hukumar SEC, kuma takardar CAC ba ita ce lasisin karɓar jari ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yadda na gwada

Ban ajiye littafina ba. Duk abin da na sa a waya, na rubuta shi da biro. Na zuba broila 100, biyar suka mutu, 95 suka kai kasuwa da nauyin kilo 2.4 kowace a matsakaici, jimilla kilo 228. Sun ci buhu 18 mai kilo 25, wato kilo 450. In ka raba 450 da 228 za ka samu kusan 2, ma'ana kilo 2 na abinci ya ba ni kilo 1 na kaza. Wannan shi ne ake kira FCR, kuma shi ne lissafin da ya fi muhimmanci tunda abinci ne ke cinye mafi yawan jarin kiwo. A nan manhajar ta yi daidai da littafina.

A wajen kifi ne aka samu matsala. Abincin da nake ba tarwadata buhun kilo 15 ne, ita kuwa manhajar duk buhun da na shigar kilo 25 take ɗauka. Buhu 20, maimakon kilo 300 sai ta rubuta 500. Ta nuna min kifina suna ɓarnar abinci alhali lafiya lau suke. Ka ƙaddara sabon mai kiwo ne da ba shi da littafi: zai rage musu abinci, su tsumbure, manya su fara cinye ƙanana, ko ya zargi yaron gona da sata ba gaira ba dalili. Bayan haka, ba ta buɗewa sai da data, gonata kuma sabis sai ka hau tudu. Kuma babu hanyar fitar da bayanai a ajiye a wani wuri.

Na gaya wa matashin duka ukun. Bai yi musu ba, ya gode, ya ce za su gyara. Na ce in sun gyara ya dawo in sake gwadawa, kuma ranar da zan tallata ta zan faɗi a fili cewa ana ba ni kamasho.

Abin da za ka duba

Kafin ka dogara da kowace sabuwar manhaja, ka tabbatar da waɗannan:

1. Nawa ne kuɗinta bayan kyauta ta ƙare, a wata ko a shekara?
2. Tana aiki ba data?
3. Za ka iya canza nauyin buhu, farashi da ranakun Gumboro da Lasota yadda likitan dabbobinka ya tsara?
4. Za ka iya fitar da lissafinka in ka fasa, ko in wayar ta ɓata?
5. Akwai mutum da za ka kira ya amsa?

Ga matasanmu masu haɗa manhajoji kuma, muna alfahari da ku. Amma kafin ku kashe kuɗi a talla, ku nemi masu kiwo goma ku zauna da su zagaye ɗaya, ku shiga ɗakin kaji ku ga yadda ake awo. In ta yi wa mutum ɗaya amfani na gaske, shi zai kai labarinta shagon abincin kaji ba tare da kun biya shi ba.

Kai kuma mai farawa da tsaki 50 ko tanki ɗaya, littafi da biro sun ishe ka a zagayen farko. Ka koyi lissafin da hannunka, domin ranar da waya ta yi kuskure ka gane.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kare mu daga asara.