"Ba wannan na zaɓa ba": Me ya sa launin yadi a waya ke saɓa wa wanda ya iso hannu?

Daga bayan ƙaramar Sallah zuwa babba, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, akwai maganar da ba ka rasa ji a shagunan yadi da na ɗinki a Briqueterie, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde wadda mu mazauna muke taƙaitawa da Birik. Maganar ita ce, "Ba wannan na zaɓa ba." Mai faɗin ta na riƙe da waya a hannu ɗaya, turmin atamfa ko yankin shadda a ɗayan, tana nuna wa duk wanda ya tsaya. Mai shago kuma yana rantsuwa cewa shi ne dai, lamba ɗaya, zane ɗaya.

Sau da yawa su biyun duk gaskiya suke faɗa, kuma wannan ne ya sa rigimar ke da wuyar rabawa.

Birik ta samo sunanta ne daga wurin yin tubali na zamanin Turawa, amma yau abin da aka fi saninta da shi shi ne tsire, wanda mutanen gari ke kira soya, sai kuma yadi da ɗinki da aikin surfani. Daga wajen babban masallaci har ka gangara hanyar kasuwar Mokolo, ƙarar keken ɗinki ba ta yankewa. A da, mai son yadi takan zo da ƙafarta, a sauko mata da shi, a warware, ta fito da shi bakin ƙofa ta duba a hasken rana, ta murza gefensa. Yanzu kaso mai yawa na cinikin ya koma WhatsApp da Facebook da TikTok. Dillaliya na zaune a ɗakinta, abokin cinikinta na Kantin Kwari a Kano, ko Dantokpa a Kwatano, ko Bamako, ko Dubai, ya turo hotuna, ita kuma ta ɗora a status. A zaɓa, a tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo, a jira kaya su biyo ta Garwa da Ngaundere ko ta Duwala.

Idan turmi ɗaya ne, da sauƙi. Inda abin ke zafi shi ne anko. Mace ɗaya ce ke karɓar kuɗin mata talatin ko arba'in, kowace ta matse ta kawo nata bisa hoto guda. Idan kaya suka iso launi ya kauce, ita ce za ta sha magana, wani lokaci har a ce ta ci riba a ɓoye ta sayo mai arha. Na san zumuncin da ya yi sanyi a kan wannan.

Bara a danginmu aka fitar da ankon leshi, aka ce ruwan hanta. Da ya iso sai ga shi ya karkata zuwa shunayya. Gwaggona ta kira dillaliyar, wata yarinya mai ladabi da ta tashi a layinmu.

"'Yata, ki dubi Allah, wannan ne kika nuna min?"

"Wallahi Hajiya shi ne. Ga hoton nan ban goge ba."

Da na ga maganar za ta yi tsawo, na karɓi wayoyi uku na mutanen da ke ɗakin, na buɗe hoton nan guda a kowace, na jera su a kan tabarma. Ɗaya ta nuna ja mai duhu, ɗaya ta nuna wani abu kusa da ruwan makuba, ta ukun kuma, da yake mai ita ya kunna tsarin kare ido da ke sa fuskar waya ta yi rawaya, ta nuna kusan ruwan ƙasa. Leshin na gefe, bai yi daidai da ko ɗaya ba. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a kawo wa yarinyar ruwa.

Yadi ba shi da hasken kansa

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, yadi ba ya fitar da haske. Hasken da ya sauka a kansa ne yake shanye wani sashe ya mayar da wani, abin da ya mayar ɗin ne ido ke kira launi. Ke nan idan haske ya canza, launi ma ya canza. Masana na auna yanayin haske da ma'aunin Kelbin: tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 2,700, hasken rana tsaka kuwa yana tsakanin 5,500 da 6,500. Farin ƙwai na zamani mai arha, irin wanda ya cika rumfunan kasuwa, yana da ƙarfi a ɓangaren shuɗi amma rauni a ja mai zurfi. Shi ya sa ruwan hanta da ruwan goro ke mutuwa a ƙarƙashinsa, shuɗi kuma ya yi ta ƙyalli.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Yadi biyu na iya zama launi ɗaya sak a cikin shago, ka fito da su rana su rabu, saboda sinadaran rininsu daban ne. Masu surfani a Birik sun san wannan tun kafin a zo da waya. Zaren aiki galibi na roba ne ko siliki na kanti, shadda kuwa auduga ce, ba rini ɗaya suke sha ba. Tela mai hankali ba ya zaɓen zare da dare. Manyan masana'antun yadi ma akwati na musamman suke da shi mai fitilu iri-iri, ciki har da wadda ake kira D65 da ke kwaikwayon hasken rana, a nan suke gwada launi kafin su amince.

Na biyu, kyamarar waya ba madubi ba ce. Kafin ta ajiye hoto sai ta yi hasashen mene ne fari a wurin, sannan ta gyara sauran launuka a kan wannan hasashen. Idan yadi ya cika hoton gaba ɗaya, babu wani farin abu da za ta kafa hujja da shi, sai ta yi ta lalube. Yadi ja ya sa ta ɗauka hasken ne ya yi ja, sai ta rage. Baƙi ko shuɗi mai duhu ya sa ta ƙara haske har ya koma kamar ya koɗe. Shunayya ce ta fi ba kyamara wahala, sau da yawa takan mayar da ita shuɗiya. Bayan haka kamfanonin waya sun san mutane na son hoto mai ɗaukar ido, don haka wayar da kanta take ƙara wa launi gishiri ba tare da an tambaye ta ba. Daga nan WhatsApp ya matse hoton don ya yi sauƙin tafiya, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya sake turawa, wani ma ya sake. Kafin ya iso Yawunde daga Kano, ya bi hannu huɗu ko biyar.

Fuskar wayar mai kallo ita ma da nata. Ita da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tana harbo shi kai tsaye cikin ido, don haka komai a cikinta ya fi na zahiri walƙiya. Babu audugar da za ta yi hasken gilashi.

Sai ido da kansa. Masu bibiyar intanet za su tuna rigar nan ta watan Fabrairun 2015, wadda aka ɗauki hotonta a Birtaniya saboda wani biki, duniya ta rabu biyu a kanta: wasu na ganin fari da ruwan zinare, wasu shuɗi da baƙi. Rigar shuɗi da baƙi ce. Ƙwaƙwalwar kowa ce ke yin nata hasashen game da hasken da aka ɗauki hoton a ciki. Idan miliyoyin mutane sun kasa daidaitawa a kan riga ɗaya, ina ga mata arba'in a zauren WhatsApp na biki?

Shadda da rini

Shadda ta fi kowane yadi wahalar ɗauka a hoto. Zanen da ke jikinta saƙa ce, zare na tafiya wani wuri a tsaye wani wuri a kwance, kowane na mayar da haske ta fuskarsa. Ka karkata ta kaɗan, furen da ya yi duhu ya koma mai haske. Ga kuma sheƙin da ake ba ta, ko na injin masana'anta kamar gezna, wadda kamfanin Getzner na garin Bludenz a Ostiriya ke yi, ko na sitati da bugu kamar galila ta Mali. Sheƙin nan ne kyamara ke kamawa ta mayar da shi fari-fari. Bayan wanki biyu ko uku kuma, idan sitati ya fita, launin kan zauna ya yi wata kama. Farar shadda ma ba a bar ta a baya ba, domin ana sa mata sinadarin da ke sa fari ya yi tas a rana har ya ɗan yi bula, a cikin ɗaki kuma ta koma ruwan madara.

Rini kuwa sana'a ce da ba ta maimaita kanta daidai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda zane ke fitowa daga ramin baba da kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Yawan tsomawa, ƙarfin ruwan rinin, zafin rana, duk suna da hannu. Masu rinin zamani da ke aiki da garin kala da soda a cikin baho su ma haka ne: zafin ruwa, awon gari, irin audugar, har ruwan da aka ɗebo. Kuma jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu, ga shi masu rini na son ɗaukar hoto yana kan igiya. Ko a manyan masana'antu, tukunyar yau da ta wata mai zuwa ba sa zama ɗaya sak. Wannan ne ya sa ankon da aka sayo kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan mako uku da masu jinkirin biya suka kawo kuɗi, yake fitowa kamar wa da ƙani a hoton biki.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka da Turai akwai masu kiwon wani fure ɗan asalin gabashin Asiya da ake kira Hemerocallis, wanda kowane furensa kwana ɗaya tak yake yi. Suna saye ne daga littafin hotuna, kuma kukansu irin namu ne. Furen da ya buɗe bayan dare mai sanyi ba ya kama da wanda ya buɗe cikin zafi, na safe ba ya kama da na la'asar da rana ta dafa, shekarar farko bayan dashe kuma sau da yawa ba ya nuna kamanninsa na gaskiya. Mai sayarwa dai mafi kyawun fure a mafi kyawun safiya yake ɗauka.

Akwai kuma matsalar suna, wadda a Birik ta ninka, tunda da Hausa da Fulatanci da Faransanci muke ciniki. Abin da ɗan Kwari ya kira ruwan hanta, wata ta ce jinin kare, dillaliyar Yawunde ta ce bordo, kuma ba lallai abu ɗaya ke ransu ba. Ruwan omo, ruwan bula, sararin samaniya: tambayi mutum biyar ka ji amsa biyar. Masu ɗab'i sun gudu daga wannan tun 1963, lokacin da kamfanin Pantone ya fito da tsarin bai wa kowane launi lamba. Mu har yanzu da hanta da goro muke awo.

Inda uzuri ya ƙare

Kada duk wannan bayani ya zama mafakar macuta, don suna nan. Akwai mai ƙara wa hoto kala da gangan. Akwai mai ɗauko hoton atamfar Holan ta asali, wadda Vlisco ke bugawa a Helmond, ya ɗora, sannan ya aiko da kwaikwayonta. Bambancin ba shi da wuyar ganewa. Haske da kyamara na iya karkatar da launi, amma ba sa canza nauyin yadi, ba sa sa bayan atamfa ya yi fari alhali ta asali gaba da baya kusan ɗaya ne, ba sa goge rubutun da ke bakin zane, ba sa sa kala ta zuba a ruwan wankin farko.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna irin wannan ciniki. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan unguwar nan, an halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, har da dilar tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Amma an hana sayen tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, ko a cikin duhun daren da ba a iya duba ta. Fahimtar malamai ita ce idan kaya suka zo yadda aka siffanta, ciniki ya tabbata. Idan suka saɓa, mai saye na da zaɓi. A ganina hoto siffantawa ce, kuma siffantawa mai rauni, don haka wanda ya ɗora shi ya kamata ya ƙara da baki: a ina aka ɗauka, da wane haske, launin ya fi karkata ina.

Dillalan da na ga ba su cika samun rigima ba, 'yan abubuwa suke yi. Suna sa a ɗauki hoton a inuwa da hantsi, ba cikin rumfa ba, a ajiye farar takarda ko wani abu da kowa ya san launinsa a gefen yadin. Suna neman bidiyo ana juya shi, musamman shadda da leshi. Wasu na turo hoton a matsayin fayil don kada a matse shi. Idan anko ne mai yawa, sai a fara aiko da turmi ɗaya, a yanka ƙyalle a zagaya da shi gida-gida, sannan a karɓi kuɗi, kuma a sayi duka lokaci ɗaya daga dila ɗaya, da rarar turmi biyu ko uku saboda masu zuwa daga baya. Kafin kaya su taso a yi magana a fili: idan ya saɓa, wa zai ɗauki kuɗin mayarwa? Kuma kada almakashi ya taɓa shi sai an gama dubawa, domin yadin da aka yanka babu mai karɓar sa, ko a Kwari ko a Mokolo.

Jinkirin turmin gwaji yakan ci mako ɗaya ko biyu, abin da iyayen biki ba sa son ji. Ga wanda bikinsa ke bayan babbar Sallah, lissafin na nufin a tsayar da launi tun cikin Shawwal.