Digirin digirgir a tsallaken iyaka: abubuwan da ɗalibi zai daidaita kafin ya sayi fom

Ɗalibin da ya gama masta a Ngaundere ko Njamena yana so ya yi digirin digirgir a Kano, da takwaransa na Kumasi da ke hangen Yamai, matsala ɗaya ce ke fara tare su. Takardunsu sun fito daga wani tsarin karatu, za a kuma auna su da ma'aunin wani tsarin. Hausa ɗaya suke ji da mutanen garin da za su, wataƙila ma akwai dangi can, amma ofishin ɗaukar ɗalibai ba ruwansa da zumunta. Abin da ke cinye wa ɗalibai da dama shekarar farko, wani lokaci har ta biyu, ana iya warware shi tun ana gida.

Ƙofa biyu ce, kowace da irin sallamarta

A jami'o'in da ke aiki da Faransanci, tsarin da ake bi yanzu shi ne lisans shekara uku, masta shekara biyu, doktora shekara uku. A wannan tsari, malami ake fara nema kafin makaranta. Ɗalibi zai rubuta ƙudurin bincikensa, ya kai wa malamin da ya amince zai jagorance shi, malamin ya sa hannu, sannan makarantar doktora ta duba takardun. Wanda ba shi da malami ba shi da abin da zai ajiye a ofis.

A Najeriya da Ghana abin ya sha bamban. Makarantar manyan digirori ce ke sayar da fom, sashe ya tantance, sau da yawa a yi ganawa ko gwaji, daga baya sashen ya naɗa mai duba kundi, ko kwamitin mutum biyu ko uku. Duk da haka, wanda ya riga ya tuntuɓi wani malami a sashen ya fi wanda ya faɗo daga sama, domin sashe ba ya son ɗaukar batun da ba shi da mai dubawa.

Tarko na farko yana cikin takardar masta kanta. A ɓangaren Faransanci akwai masta ta bincike, akwai masta ta sana'a, kuma makarantun doktora da dama ta bincike kawai suke karɓa kai tsaye. A Najeriya ma mastar sana'a, irin ta gudanar da kasuwanci, ba kasafai take kai mutum digiri na uku ba, kuma wanda makinsa bai kai yadda ake so ba akan tura shi matakin M.Phil ya ƙara zama tukuna. Wannan tambaya ce da saƙo ɗaya ke amsawa, amma akan ga mutum ya biya kuɗin mota da na fom kafin ya yi ta.

Sai batun daidaita takardu. Mai takardun waje da ke son karatu a Najeriya akan buƙaci ya kai su Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance. A Ghana hukumar GTEC ce ke wannan aiki. A ƙasashen renon Faransa akwai CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu, tana da shirin amincewa da digirori tsakanin ƙasashe. Jami'o'in Najeriya da yawa har sakamakon sakandare suke nema, darussa biyar ciki har da Turanci da lissafi, ko da mutum ya zo da masta, don haka mai bak ya tanadi takardarsa da fassararta daga mai fassara da hukuma ta yarda da shi. Takardar maki kuwa, da dama ba sa karɓarta daga hannun ɗalibi, sai tsohuwar jami'arsa ta aika da kanta, abin da kan ɗauki watanni.

Akwai wata ƙaramar damuwa da ta fi shafar Hausawan kan iyaka: suna da ranar haihuwa. Mutum ɗaya ya zama Mahamadou a takardar bak, Mohamed a fasfo, Muhammad a takardar Islamiyya. Wani kuma takardar haihuwarsa ta kotu ce, shekara kawai ta faɗa ba rana ba wata, alhali fom na intanet ba ya wucewa sai an cike ranar. Gara a je kotu a yi takardar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne tun kafin tafiya, a kuma tsaya a kan rubutun da ke fasfo har zuwa bangon kundi.

Mai duba kundi

Nan ne ainihin maganar take. Sunan jami'a yana burge dangi, amma mutumin da zai karanta babi-babi shi ke yanke ko aikin zai ƙare a shekara huɗu ko a takwas.

Ba kowane mai digirin digirgir ke da ikon jagorantar wani ba. A tsarin CAMES, malaman da ke matakin farko ne ke da wannan iko, wato cikakken farfesa da wanda ke biye da shi, maître de conférences. A Faransa sai wanda ya samu lasisin jagorancin bincike da ake kira HDR. Ƙaramin malami mai ƙwazo yana iya zama mataimaki, kuma sau da yawa shi ne zai fi karanta aikin da idon basira, amma sa hannunsa kaɗai ba ya buɗe ƙofa.

Kafin ɗalibi ya rubuta wa malami, ya karanta aƙalla maƙala biyu ko uku da malamin ya wallafa kwanan nan. Wasiƙar da ta ce "ina sha'awar duk abin da kuke yi" ba ta samun amsa. Wadda ke samu ita ce gajera, mai faɗin tambayar binciken, inda za a tattara bayanai, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan malamin. Bayan haka ya nemi ɗaliban malamin na yanzu da waɗanda suka gama, ya tambaye su a hankali: babi kan yi mako nawa a hannunsa? Mutum nawa yake dubawa? Saura shekara nawa ya yi ritaya? Yana riƙe da wani muƙami da ke hana shi zama? Shahararren farfesa da ke yawo tsakanin taruka na iya barin ɗalibi zaune wata shida a kan shafi talatin.

Tarbiyyar gida ma tana da nata tasiri a nan. Yaron da ya tashi a makarantar allo ko ta zaure ya san ba a titsiye malam, ba a ce masa ya makara. Wannan ladabi abu ne mai kyau, kuma yana buɗe zukata. Sai dai kunya takan sa ɗalibi ya fito daga ofis bai fahimci gyaran da aka ba shi ba, ya ce "to, ranka ya daɗe", ya tafi ya ɓata wata uku a kan kuskuren fahimta. Maganinsa mai sauƙi ne: bayan kowace ganawa ya rubuta abin da aka tsayar cikin layi biyar, ya aika wa malamin da godiya, ya nemi a gyara masa in ya ji ba daidai ba. Babu rashin kunya a ciki, kuma idan wata rana aka sauya mai dubawa, waɗannan saƙonni su ne shaida. A Faransa, dokar doktora ta 2016 ta wajabta kwamitin bibiya da ke sauraron ɗalibi, ta kuma ƙayyade shekara uku ga mai cikakken lokaci, shida ga mai haɗawa da aiki. Inda babu irin wannan kwamiti, shugaban sashe ko mai kula da manyan ɗalibai shi ne wurin kai kuka, a rubuce, cikin mutunci.

Wanda zai yi kundi ƙarƙashin jami'o'i biyu a ƙasashe biyu ya karanta yarjejeniyar da kyau kafin a sa hannu: da wane harshe za a rubuta, wata nawa a kowane ɓangare, ina za a biya kuɗin rajista, ina za a kare kundin. Harshe kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A sassan harsunan Najeriya na Kano, Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin nazarin Hausa da Hausa, amma a yawancin sauran fannoni Turanci ne, kuma Turancin kasuwa ba ya ɗaukar shafi ɗari uku.

Kuɗi a taƙaice: tallafin DAAD na Jamus, na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da na Turkiyya duk suna da matakin doktora, na Turkiyya yana son wanda bai kai shekara 35 ba, na Commonwealth kuma na 'yan ƙasashen ƙungiyar ne, irin su Ghana da Kamaru. Mai biya da aljihunsa ya lissafa fiye da shekara uku. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 wata takwas ya ɗauka, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma ya tarwatsa ɗaliban da ke Hartum. Haya da abinci ba sa yajin aiki.

Manazarta tun daga ranar farko

Kowane sashe yana da salon da yake so, APA ko Chicago ko wani na gida, kuma tambaya ɗaya ta isa a sani. Abin da ke wahalar da mutane shi ne barin aikin sai ƙarshe, lokacin da aka manta daga wane littafi aka ɗauko wace magana. Manhajar Zotero kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma sauya salo cikin ɗan lokaci. Wanda ya saka kowane littafi da lambar shafi ranar da ya karanta shi ya huta.

Amma manhaja ba ta san sunayen Hausawa ba. An gina waɗannan salo ne a kan sunan iyali, Bahaushe kuwa sunansa ne da na mahaifinsa, wani lokaci da na garinsu. Shi ya sa Sa'idu Muhammad Gusau ke fitowa a ƙarƙashin Gusau, Ibrahim Yaro Yahaya a ƙarƙashin Yahaya. Masanin tarihin Nijar Djibo Hamani wani wuri a juya sunan ya koma Hamani Djibo, sai ɗalibi ya jera shi sau biyu kamar mutum biyu. Shehu Usmanu kuwa yana zuwa a matsayin Usman dan Fodio, Ousmane dan Fodio da Uthman ibn Fudi, gwargwadon harshen marubucin. Ka'idar da ta fi aminci ita ce a bi sunan yadda yake a bangon littafin, a zaɓi rubutu ɗaya don cikin kundi, a faɗi haka a gabatarwa. Wajen nema a intanet a gwada duka: Ɗangambo da Dangambo, Zinder da Damagaram. Haka nan a yanke tun farko ko za a rubuta ƴ kamar yadda ake yi a Nijar ko 'y kamar Najeriya.

Hira da dattawa ma madogara ce, kuma tana da nata haƙƙi: sunan mai magana in ya yarda, shekarunsa, sana'arsa, gari, rana, harshen hirar, da wurin da aka ajiye sautin. Rubutun ajami da takardun tarihi, ko daga Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar IRSH a Yamai, ko rumbun takardun mulkin mallaka na Faransa da ke Aix-en-Provence, ana kawo su da lambar ajiyarsu, don wani ya iya zuwa ya gani da idonsa.

Mai harshe biyu ko uku yana da jarabar da wasu ba su da ita: ya fassara sakin layi daga littafin Faransanci zuwa Turanci ya bar shi ba suna. Wannan satar fasaha ce ko da Turnitin ko Compilatio ba su kama ba, kuma mai jarrabawa na waje da ya san littafin zai gane. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya. Abin da ɗalibi bai buɗe da kansa ba kada ya shiga jerin.

Jami'o'i da yawa suna sharɗanta wallafa maƙala ɗaya ko biyu kafin kare kundi, kuma nan ne mujallun bogi ke farauta, da saƙon imel mai alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Kafin a tura ko sisi, a duba ko mujallar tana cikin DOAJ ko AJOL, a kuma tambayi sashe jerin mujallun da yake amincewa da su, domin maƙalar da ta fito a wurin da sashe bai yarda da shi ba ba a sake buga ta a wani wuri.